Daga Muƙabala Zuwa Gwajin Burauza: Tarihin Bayyanar Haruffan Hausa a Kan Iyakar Gobir

1.0 GABATARWA

Duk malamin Hausa da ya taɓa buɗe wani shafin intanet a kwamfutar ofis ya ga rubutu lafiya lau, sa'an nan ya sake buɗe shi a wayar ɗalibinsa ya tarar da 'yan akwatuna sun zauna a gurbin ƙ da ɗ da ɓ, to ya riga ya san matsalar da wannan takarda za ta yi magana a kanta. Burauza ita ce manhajar da ake buɗe shafin intanet da ita, kamar Chrome da Firefox da Safari da Opera Mini. Masu sana'ar gina shafuka suna da wani aiki da sukan yi kafin su saki shafi ga jama'a, watau su buɗe shi a burauza iri-iri da na'urori iri-iri, su duba ko abin da suka rubuta shi ne yake bayyana ga kowane mai karatu. Wannan aiki shi muke kira gwajin burauza a cikin wannan takarda.

Maƙasudinmu shi ne mu bi tarihin wannan aiki ta fuskar rubutun Hausa, mu nuna cewa matsalar da ya zo ya warware ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Sau uku a tarihi rubutu guda yana isa ga Bahaushe da fuska daban-daban: a zamanin alƙalami, da zamanin ɗab'i da tafireta, da kuma zamanin burauza. A kowane karo gyara bai samu ba sai da aka kai rubutun gaban mai karatu na ainihi aka duba abin da idonsa yake gani. Mun ɗauki yankin Gatawa da Sabon Birni da Isa a matsayin misali, domin a can ne ƙa'idojin rubutu biyu da na'urorin ƙasashe biyu suke haɗuwa a hannun jama'a ɗaya.

2.0 ƘASAR GOBIR DA IYAKAR DA TA RATSA TA

Gatawa gari ne a cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato, mai maƙwabtaka da ta Isa. A wannan yanki ne kufan Alƙalawa yake, birnin da Gobirawa suka mayar babban birninsu a ƙarni na 18, wanda ya faɗi a hannun masu jihadi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, wani ɓangare na gidan sarautar Gobir ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima ya rabu da su ya kafa Sabon Birni, ita kuwa Isa ta kasance ribaɗi a hannun zuriyar Muhammadu Bello. Da Turawan Ingila da na Faransa suka zo, sai suka yi ta jan layi da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, har aka kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Tsibiri da Maraɗi suka faɗa ƙasar Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa ta Ingila.

Layin nan bai raba auratayya da cin kasuwa ba, bai kuma raba harshe ba, don kuwa Gobiranci ne ake ji a kowane gefe. Abin da ya raba shi ne makaranta. Yaron Sabon Birni ya koyi boko a kan tsarin Ingilishi, ɗan kawunsa na Tsibiri ya koya a kan tsarin Faransanci. Wannan rabuwa za mu sake cin karo da ita a kowane mataki na wannan tarihi.

3.0 ZAMANIN ALƘALAMI

Kafin zuwan boko, waƙoƙin wa'azi da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'ya'yansa irin su Nana Asma'u suka yi, da waɗanda aka juya zuwa Hausa, sun bazu ne ta hanyar kwafi da hannu. Kowane kwafi kuwa yana ɗauke da hannun wanda ya yi shi. Ajamin Hausa bai taɓa samun hukuma ɗaya da ta daidaita shi ba, saboda haka sautukan da Larabci ba shi da su kowane malami yakan nemo musu dabara. Da yawa sun rubuta ɓ da b da harafi guda. Wasu sun rubuta ɗ da ts da ɗamisa hannu, wasu kuma sun ƙara masa ɗigo uku don su bambanta ts.

Saboda sanin wannan haɗari ne malamai suka riƙe al'adar muƙabala. Idan an gama kwafi, sai a ɗauko asali, ɗaya yana karantawa a bayyane, ɗaya yana bin sabon kwafin da ido. In an tsallake kalma sai a rubuta ta a gefen takarda, a sa alamar cewa an inganta. Abin lura a nan shi ne, marubuci ba ya gamsuwa da cewa shi ya san abin da yake nufi. Sai ya tabbatar da abin da takarda ta nuna wa wani.

Akwai misali guda daga wannan zamani da ya yi kama da matsalar burauza ƙwarai. A rubutun Magariba, wanda almajiran ƙasar Hausa suke karanta Alƙur'ani da shi a ruwayar Warshu, harafin fa ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigonsa ɗaya ne a sama. A rubutun Gabas kuwa, irin na bugun Misra, fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf kuma tana da biyu. Ashe ke nan zane guda, watau mai ɗigo ɗaya a sama, ƙ ne ga almajirin allo, amma f ne ga wanda ya saba da littattafan Alƙahira. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu buga littattafan addini a Kano da Zariya a ƙarni na 20 suka zaɓi ɗaukar hoton rubutun hannu su buga, maimakon jera haruffan ƙarfe na Gabas. Sun duba idon mai saye, suka ba shi rubutun da ya iya karantawa.

4.0 ZAMANIN ƊAB'I DA TAFIRETA

Turawan da suka fara rubuta Hausa da boko a ƙarni na 19 ba su daidaita a kan ɓ da ɗ da ƙ ba. Wasu ba su ma ji bambancinsu da b da d da k ba, wasu sun sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu sun sa waƙafi a gefensa. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya wallafa ƙa'idojinsa na rubutu a 1912. Haruffa masu ƙugiya da muke amfani da su yau sun fito ne daga tsarin da Cibiyar Nazarin Harsuna da Al'adun Afirka ta Landan ta fitar a ƙarshen shekarun 1920, aka kuma karɓe su a Hukumar Talifi ta Zariya a cikin shekarun 1930, zamanin Dokta R. M. East. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a Janairun 1939 tare da Abubakar Imam a matsayin edita, da littattafan makaranta na Zariya, su suka zaunar da su a idon jama'a. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa don lura da ƙa'idojin.

To amma samun ƙa'ida daban, samun kayan aiki daban. Maɗaba'ar Gaskiya tana da haruffan ƙarfe masu ƙugiya. Akawun En'e da ke gunduma kuwa tafiretar Ingilishi ce a gabansa. Da yawa daga cikin mahalarta wannan taro za su tuna takardun jarrabawa da aka buga a kan sitensil, malami ya bi kowane k da d da b yana lanƙwasa musu kai da hannu, in ya gaji ya bar sauran. Ta haka aka saba da rubutu iri biyu: na littafi mai ƙugiya, da na ofis da wasiƙa marar ƙugiya. Sai a cikin shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tsaya a kan samar da zubin haruffa guda ga harsunan Nijeriya, wanda mashahurin mai zanen haruffa Hermann Zapf ya sa wa hannu.

A ɗaya gefen iyaka tarihin ya bi wata hanya. Makarantar Faransa ba ta koyar da Hausa ba, don haka mutumin Maraɗi ya rubuta harshensa da ƙa'idar Faransanci: ou a gurbin u, ch a gurbin sh, tch a gurbin c. Shi ya sa har yau taswira take nuna Guidan Roumdji a inda mu za mu rubuta Gidan Rumji. Taron da UNESCO ta shirya a Bamako a 1966, da taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a Janairun 1980, sun kusanto da ƙasashen biyu. Duk da haka bambanci ɗaya ya saura, kuma dokar Nijar ta 1999 ta tabbatar da shi: abin da Nijeriya take rubutawa 'y, Nijar tana rubuta shi ƴ. Mu mukan rubuta 'ya'ya, su su rubuta ƴaƴa.

5.0 ZAMANIN BURAUZA

5.1 Asalin Gwaji

Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin shafukan intanet a 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba, aka buɗe shi ga jama'a a 1991. Ginshiƙin tsarin shi ne, mai shafi ba hoto yake aikawa ba. Umarni yake aikawa: nan kanu ne, nan sakin layi ne, a rubuta wannan da zubi kaza. Burauzar mai karatu ita take karɓar umarnin ta zana shafin a fuskar na'ura. Idan muka kwatanta da zamanin alƙalami, burauza ita ce mai kwafi, kuma kowane buɗe shafi sabon kwafi ne.

Mosaic ta fito a 1993, Netscape Navigator a 1994, Internet Explorer ta kamfanin Microsoft a 1995. Kamfanonin biyu na ƙarshe suka shiga gasa mai zafi, kowa yana ƙirƙiro umarnin da burauzarsa kaɗai take ganewa. Shafuka suka riƙa ɗaukar sanarwa cewa an fi ganinsu da kyau da burauza kaza, wasu masu gini ma suka riƙa yin shafi biyu ga abu guda. Daga nan gwajin burauza ya zama sana'a. An kafa ƙungiyar W3C a 1994 don shimfiɗa ƙa'idoji, a 1998 kuma wasu masu gina shafuka suka kafa ƙungiyar matsa wa kamfanoni lamba su bi ƙa'idojin. Ita ce ta fitar da shahararren gwajin nan mai suna Acid2 a 2005, shafi guda wanda in burauza ta bi ƙa'ida za ta zana fuska mai murmushi, in ta kauce fuskar ta wargaje. Acid3 ya biyo baya a 2008. Waɗannan gwaje-gwaje sun yi amfani ƙwarai wajen daidaita shimfiɗar shafi, amma babu ɗayansu da aka shirya domin haruffan Hausa.

5.2 Ƙofofi Uku da Harafi Yake Bi

Kafin ƙ ta bar hannun marubuci ta isa idon mai karatu, sai ta wuce ƙofa uku, kuma a kowace tana iya maƙalewa.

Ƙofar farko ita ce lamba. Kwamfuta ba ta san harafi ba sai lambarsa. Tsarin ASCII na Amurka yana da gurbi 128, tsarin Yammacin Turai yana da 256, kuma babu ƙugiya ko ɗaya a cikinsu. Don haka a shekarun 1990 masana a gida suka ƙera zubin haruffa na musamman, kamar Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a Kano. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ari gurbin wata alama da Hausa ba ta bukata a zana ƙugiya a ciki. Wannan ya yi wa masu buga littafi da kundin digiri babban amfani, domin takarda ake kai wa mai karatu. Amma da rubutun ya hau intanet, ya isa kwamfutar da ba ta da zubin, sai aron ya tonu. Shi ne asalin qasa da xaya da vera, da kuma }asa da ]aya, da muke gani a tsofaffin takardu. Maganin wannan ƙofa shi ne tsarin Unicode, wanda ya fara fita a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, har da masu ƙugiya guda takwas, manya da ƙanana. An shigar da shi cikin ƙa'idar shafuka a 1997, amma hanyar adana shi da ake kira UTF-8 ba ta rinjayi sauran hanyoyi a intanet ba sai wajen 2008. A tsakanin nan, in shafi bai sanar da burauza hanyar da aka adana shi ba, sai ta yi kintace. In ta kintata da tsarin Yammacin Turai, ƙasa ta koma Æ™asa, ɗaya ta koma É—aya.

Ƙofa ta biyu ita ce zubi, watau zanen haruffan da ke cikin na'ura. Lamba tana iya isowa daidai, amma in zubin ba shi da zanen harafin, babu abin nunawa. A nan akwai wani abu da ya kamata malaman Hausa su sani. Haruffanmu ba a sashe ɗaya suke a jadawalin Unicode ba. Ƙ da ƙ, da Ƴ da ƴ, da manyan Ɓ da Ɗ, suna cikin sashen ƙarin haruffan Latin. Ƙananan ɓ da ɗ kuwa suna cikin sashen alamomin ilimin furuci. Mai zanen zubi yana iya cika sashe ɗaya ya bar ɗayan, don yana ganin na masana furuci ne kawai. Sakamakon haka sai a sami shafin da ƙ ta fito sarai, ɗ kuwa ta ɓace. Shahararrun zubi irin su Times New Roman da Arial ba su da ƙugiyoyin nan a zamanin Windows XP, sai da Windows Vista ta fito a 2007.

Ƙofa ta uku ita ce halin burauzar kanta idan ta nemi harafi ta rasa. Internet Explorer 6, wadda ta fito a 2001, a lokacin da burauzar Microsoft ta kai ga riƙe fiye da kashi 90 cikin 100 na masu amfani, takan ajiye ɗan akwati ta wuce. Firefox, wadda ta fito a 2004, takan bincika sauran zubin da ke cikin na'ura ta aro harafin. Aron ya fi akwati, amma yana da nasa aibi, don harafin aro yakan fito da girma ko kauri dabam da na maƙwabtansa, kalma ta yi kamar riga mai maho. Ga shi shafi ɗaya, kwamfuta ɗaya, amma fuska biyu.

6.0 WAYAR HANNU A BAKIN IYAKA

Duk abin da muka bayyana a sama ya shafi kwamfutar tebur ne, wadda kaɗan ce ta isa garuruwa irin su Gatawa. Intanet ta shiga karkarar Gobir ta wayar hannu, bayan fara aikin GSM a Nijeriya a 2001. Tun a saƙon tes ƙugiya ta gamu da cikas. Saƙo guda yana ɗaukar harafi 160 in an tsaya ga haruffan Turai, amma ƙ ɗaya tak in ta shiga sai ya koma 70, kuɗi ya ƙaru, ko da wayar tana da hanyar buga ta. Jama'a suka ci gaba da al'adar tafireta, suka bar ƙugiya.

Opera Mini, wadda ta fito a 2005, ta shafe shekaru tana kan gaba a wayoyin Nijeriya saboda tsimin kuɗin data. Aikinta ya bambanta da na sauran. Kwamfutocin kamfanin ne suke buɗe shafin, su matse shi, su aiko wa waya da abin da ya rage. A yanayinta na matsi mai tsanani ba ta sauko da zubin da mai shafi ya liƙa wa shafinsa, sai dai ta yi amfani da na cikin waya. Wannan yana da muhimmanci, domin dabarar da masu gini suka dogara da ita daga wajen 2010 ita ce aiko da zubi tare da shafi. Mai gini a Abuja ko Legas yana iya duba aikinsa a Chrome ya ga komai daidai, alhali manomi a Isa yana ganin akwatuna.

Gaskiya ne al'amura sun gyaru. Opera ta koma kan injin Blink a 2013, Microsoft Edge ta bi sahu a 2020, an kuma yi wa Internet Explorer ritaya a 2022. Injuna uku suka rage a fage: Blink da WebKit da Gecko. Sababbin wayoyin Android suna zuwa da ƙugiyoyi, kuma allon rubutu na Gboard yana da tsarin Hausa. Ko ajami ya samu rabonsa, don a 2016 Unicode ya ƙara fa da ƙaf da nun na Afirka, an kuma samu zubi irin Alkalami wanda aka zana bisa hannun Kano. Sai dai wayar ƙauye takan daɗe a hannu, ta wuce daga wa zuwa ƙane, manhajarta ba ta samun sabuntawa. Har wa yau, mutane da yawa ba sa buɗe shafi daga burauza kai tsaye, sai ta taɓa mahaɗi a cikin Facebook ko WhatsApp. Kuma masu shafuka sukan rage nauyin zubi ta yanke sassan da suke ganin ba a bukata, sashen da ɓ da ɗ suke ciki kuwa yana cikin waɗanda aka fi yankewa.

Mai sauraro yana iya cewa Bahaushe yakan gane magana ko babu ƙugiya. Sau da yawa haka ne. Amma a duba ɗaure da daure, da ƙarya da karya, da saƙo da sako, da baƙi da baki, da ƙafa da kafa. "An ɗaure shi" da "ya daure" ba labari ɗaya suke bayarwa ba. In kuwa akwati ne ya maye gurbin harafin, wanda karatunsa bai nuna ba yakan tsaya cik. Yankin da muke magana a kai ba wurin wasa da sanarwa ba ne. Tun 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutane daga wannan yanki zuwa jihar Maraɗi, musamman ɓangaren Gidan Rumji, a Satumban 2021 kuma aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Sakkwato na wani lokaci, har da Sabon Birni da Isa. Sanarwar rigakafi, ko ta rabon abinci, ko ta neman ɗan'uwan da aka rabu da shi, ana karanta ta a gefe biyu na iyaka, a wayoyin da wasu aka saita da Ingilishi wasu da Faransanci. Wanda ya nemi ƴan gudun hijira a akwatin bincike na wani shafi, mai yiwuwa ba zai sami labarin da aka rubuta da 'yan ba, domin ga kwamfuta lambobi ne daban. Ita kanta alamar da ke gaban y ana buga ta da lambobi uku mabambanta, masu kama da juna a ido.

Da yawa daga masu yaɗa sanarwa sun koma ga dabarar masu bugun Kano, suna ɗaukar hoton rubutu su aika. Hoto yana tsare siffar harafi, amma yana cin data, ba a iya bincika kalma a cikinsa, kuma manhajar da take karanta wa makaho rubutu ba ta amfana da shi yadda ya kamata.

7.0 SHAWARWARI

Bisa ga wannan tarihi, muna ba da shawarwari kamar haka ga sassan Hausa da na kwamfuta a kwalejojinmu, da duk hukumar da take wallafa Hausa a intanet:

(a) A tanadi jimlar gwaji mai ɗauke da haruffan nan takwas. Ga misali da muka shirya: Ɗan Ƙaura ya ɓoye ƙwarya a ɗaki, Ɓaidu ya kira ƴaƴansa, Ƴar Gobir ta amsa. A sa ta a kanu, da cikin sakin layi, da rubutu mai kauri, da na gicciye, domin kowannensu zubinsa daban.

(b) A buɗe shafin aƙalla a burauza ɗaya daga kowane inji cikin ukun nan, da Opera Mini a yanayin matsi, da kuma ta cikin Facebook. Akwai kamfanoni irin su BrowserStack da suke ba da hayar na'urori ta intanet don wannan aiki, amma ba za su maye gurbin tsohuwar waya mai araha, irin wadda ake sayarwa a kasuwar ƙauye, ba.

(c) A gwada akwatin bincike da fom na cikewa. A rubuta suna mai ƙugiya a aika, a duba ko ya dawo yadda aka rubuta shi. A nemi kalma da 'y, a sake nemanta da ƴ, a tabbata duka biyun suna kai wa ga abu guda.

(d) A juya tsofaffin kundaye masu q da x da v zuwa Unicode kafin a ɗora su. Wannan aiki ne da ɗaliban Hausa za su iya yi, muddin an lura da kalmomin baƙin harsuna da suke da waɗannan haruffa na asali.

(e) A yi gwajin mutum biyu, ɗaya yana karanta abin da waya ta nuna a bayyane, ɗaya yana riƙe da asali. Zai fi kyau mai karantawa ya zama ɗan yankin da aka yi shafin dominsa.

8.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun bi rubutun Hausa daga alƙalami zuwa burauza, muka ga cewa a kowane zamani akwai mai shiga tsakanin marubuci da mai karatu: mai kwafi, ko akawu da tafiretarsa, ko manhaja. Mun ga cewa daidaita ƙa'ida, ko a Zariya ko a Yamai ko a jadawalin Unicode, rabin aiki ne, domin kayan da ke hannun jama'a sukan yi shekaru kafin su cim ma ƙa'idar. Mun kuma nuna cewa yankin Gatawa da Sabon Birni da Isa ya haɗa sharuɗɗan gwaji mafi tsanani: tsofaffin wayoyi, da raunin layi, da ƙa'idojin rubutu biyu, da sanarwar da rayuka suka rataya a kanta. Shafin da ya fito daidai a can, da wuya ya gaza a Sakkwato ko Kano. Ya rage ga masu nazari su tattara irin wayoyi da burauzar da ake amfani da su a garuruwan bakin iyaka, su kuma bincika yadda matasan Gobir na gefe biyu suke rubuta wa juna Hausa, domin a san wace ƙa'ida ce take rinjaye a aikace.